Babi na Bakwai: Ƙaramar Sensa a Gidan Biki

Ɗaurin aure ba ya jiran mai hoto. A Gusau, ko bayan sallar Juma'a ne ko da hantsin Asabar, abin da aka taru dominsa ba ya wuce 'yan mintoci: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, malam ya yi addu'a, a shafa Fatiha. Kafin mai shela ya gama sanar da cewa an ɗaura auren wane da wance, jama'a sun miƙe, an fara rabon goro da alawa, abokai sun yanyame ango. Wanda bai kama hannun da ya miƙa sadaki a wannan lokacin ba, ya rasa shi ke nan, domin ba a sake ɗaurawa saboda kyamara.

A tsakiyar wannan hada-hada akwai saurayi da jaka a kafaɗa, yana kutsawa yana ba da haƙuri. Abin da ke rataye a wuyansa yawanci irin su Canon 600D ne ko 700D, ko Nikon D3200 ko D5300, waɗanda suka fito tsakanin 2011 da 2013, suka yi aiki a hannun wasu a ƙasashen waje, sannan suka biyo ta Legas ko Kano suka iso Zamfara. Da kyamarar yake ci, da ita yake biyan haya, wani ma da ita ya tara kuɗin nasa lefen.

Ba ya daɗewa a sana'ar yake jin maganar da ke hana matasan masu hoto sukuni. A bidiyoyin YouTube, a shafukan manyan masu hoto na Abuja da Legas, har a bakin abokin sana'a da ya samu buɗi, zancen ɗaya ne: aikin biki sai da ful-firem, mai kurof ɗan koyo ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai girman da ake ba ta ba, kuma mafi yawanta an gina ta ne a kan bukukuwan da ake yi cikin majami'u da ɗakunan taro masu duhu na ƙasashen sanyi. Bikin Gusau da Tsafe da Bunguɗu yana da tasa ranar, da nasa ɗakunan, da tasa hanyar, kuma da su ya kamata a auna kyamara.

Awon da aka gada daga fim

Sensa ita ce 'yar farantin da ke can cikin kyamara, bayan lens, wadda haske ke sauka a kanta ya zama hoto. Ita ta maye gurbin fim. Wadda ake kira ful-firem tana da milimita 36 a kwance da 24 a tsaye, daidai da awon fim ɗin da dattawan masu hoto suka yi zamani da shi. Awon ya fito ne daga Jamus, inda injiniya Oskar Barnack ya ɗauki fim ɗin silima ya ƙera masa ƙaramar kyamara, wadda ta shiga kasuwa da sunan Leica a 1925.

Ƙaramar sensa, wadda 'yan sana'a ke kira kurof, kamfanoni kuma suke rubuta APS-C, ba ta kai rabin wancan filin ba. Ta Canon tana da kimanin milimita 22.3 da 14.9, ta Nikon da Sony da Fujifilm kuwa kimanin 23.5 da 15.6. Idan aka buga lissafi, babbar tana da murabba'in milimita 864, ta Canon 332, ta Nikon 367. Tsadar babbar tana da dalili: daga faifan silikon guda ake yanko sensa da yawa, idan manya ne kaɗan za su fita, kuma tabo ɗaya ya isa ya lalata guda sukutum.

Masu raina ƙaramar sukan manta cewa da ita aka buɗe zamanin dijital. Nikon D1, wadda ta fito a 1999 ta shiga hannun ƙwararrun 'yan jarida, ƙaramar sensa gare ta, kuma ba ta cika megafiksel 3 ba. Kamfanin Nikon bai fitar da ful-firem ba sai a 2007, da D3. Ke nan shekara takwas duk ƙwararren da ya riƙe kyamarar dijital ƙirar Nikon, a Landan yake ko a Tokiyo, da kurof ya ɗauki bukukuwan da aka biya shi. Canon ta riga ta, da EOS-1Ds a 2002, amma a kan dala kusan 8,000. Sai a 2005 ta sauko da 5D zuwa wajen dala 3,300. Wadda ta buɗe wa talaka ƙofa ita ce 300D ta 2003, mai ƙaramar sensa, da aka sayar ƙasa da dala 1,000 har da lens.

Abubuwa uku ne girman sensa ke sauyawa. Na farko faɗin abin da ake gani. Ƙaramar sensa tsakiyar abin da lens ya hango kawai take kamawa, gefe-gefen ya zube, shi ya sa lens mai 50mm a kan Canon 600D yake nuna abin da mai 80mm zai nuna a kan babba. Ana ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a sauran. Na biyu zurfin abin da ke fitowa tar: idan aka ɗauki hoto iri ɗaya da lambar f ɗaya, babbar ta fi dusar da baya, ƙaramar ta fi riƙe na gaba da na baya tare. Na uku tara haske. Duk wanda ya ɗora faifan sola a kan rufi ya san cewa rana ɗaya ce, amma babban faifai ya fi ƙarami kawo wuta. Haka sensa take, don haka idan duhu ya yi aka ɗaga ISO, hoton ƙaramar ya fi saurin yin yashi-yashi.

Ƙofar gida, rana tsaka

A wurin ɗaurin aure ƙarancin haske ba ya cikin lissafi. Ranar Zamfara da hantsi ko bayan Juma'a tana ba mai hoto damar tsayawa a ISO 100, ƙofar haske f/8, shota wajen 1/400, kuma a nan ba mai iya duban hoto ya ce ga sensar da ta ɗauke shi. Damuwar ita ce yawan hasken da rashin daidaitonsa. Ango yana cikin farar shadda da ta sha bugu tana walƙiya, fuskarsa tana ƙarƙashin hula, rabin jama'a suna cikin rumfa, rabi suna rana. Idan aka bi fuska, shaddar ta ƙone, aikin da ke wuyan babbar riga, wanda aka kashe wa kuɗi da makonni, ya ɓace ya zama farin fili. Idan aka bi shadda, fuskoki su nutse.

Abin da ke raba gardama a nan shi ne tazarar da sensa ke iya riƙewa tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu a hoto guda, kuma wannan ya fi bin zamanin ƙira da gidan da ya ƙera fiye da girma. A gwajin DxOMark, Nikon D7200 ta 2015, mai ƙaramar sensa, ta samu mataki 14.6, yayin da Canon 5D Mark III ta 2012, ful-firem ɗin da masu hoton biki suka yi yayi a duniya, ta tsaya a 11.7. Kowane mataki ninki biyu ne na haske. Wato a gaban farar shadda da rana tsaka, ƙaramar da aka sayar kimanin dala 1,200 ta fi babbar da aka sayar kusan dala 3,500 riƙe zaren aiki.

Sauran dabara ce. Gogaggen mai hoto yakan auna haskensa a kan shaddar, ya ɗauka a RAW don ya samu sararin ɗago inuwa a kwamfuta, ya ɗan watsa filasha mai rauni a fuska ko da rana ce. Idan an shafa Fatiha, ya ja ango da abokansa zuwa inuwar dogonyaro ko gefen katanga. Yakan kuma guji rumfar haya mai launin ja ko shuɗi, wadda ke rina fuska da tufafi, gyaranta kuma ya ci dare.

Ladabin wurin ma yana goyon bayan ƙaramar sensa. Ba a tsallake ƙafafun malamai da dattawa don neman kusurwa, ba a tsayawa tsakanin waliyyi da wakili. Daga bakin tabarma ake ɗauka. Lens mai 55-250mm na Canon, mara nauyi kuma mara tsada, yana kai mai shi inda sai da mai 400mm za a kai a kan ful-firem. Daga nesa yake kamo kuɗin sadaki suna sauya hannu, da tafukan da aka ɗaga, da fuskar uban amarya lokacin da ya sunkuyar da kai, ba tare da ya taka rigar kowa ba.

Sai hoton taro, wanda shi ne mafi yawan abin da ake nema: abokan ango sahu uku, 'yan ajinsu, abokan kasuwa, dangin uwa, dangin uba. A nan ba wanda ke son a dusar da shi. Don sahu uku su fito tar, mai ful-firem zai rufe ƙofar haske zuwa f/8, mai kurof ɗin Canon kuwa f/5 ta ba shi zurfi iri ɗaya. Da ya rufe ɗin, ribar hasken da babbar sensa ta ba shi ta tafi. A 2024, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Bunguɗu da Maru ya ɗauki nauyin aurar da marayu mata 105. A taro irin wannan, abin da kowane gida ke so shi ne ya gane fuskar 'yarsa a cikin sahu, ko ta gaba ce ko ta can baya.

Ɗakin amarya

Inda ƙaramar sensa ke fara takura mai ita shi ne cikin gida. Ɗakin da aka saba ginawa, mai ƙafa 12 kowane gefe, bai cika mita 4 ba tun yana fanko. Bayan an yi jere, gado ya ci nasa, sif da madubi sun ci nasu, ga akwatuna, ga kujera. Amarya tana bakin gado, ƙawaye takwas cikin anko sun kewaye ta, kowace tana gyara ɗaurin kallabi. Mai hoto ya ja da baya har ƙeyarsa ta taɓa bango, tsakaninsa da su bai wuce mita 3 ba.

A hannunsa akwai lens ɗin da kusan kowa ke fara saye bayan wanda ya zo da kyamara, wato 50mm f/1.8, saboda arha: sabonsa na Canon ya fito a 2015 a kan dala 125. Daga mita 3, a kan ƙaramar sensa, faɗin abin da zai kama bai wuce mita 1.3 ba, mutum biyu ko uku ke nan a matse. A kan ful-firem zai kama kusan mita 2.2. A wannan ɗakin ne matasa da yawa ke yanke hukuncin cewa kyamararsu ta gaza, alhali lens ɗin ne bai dace da wurin ba. Mai 24mm a kan wannan kyamarar zai kama mita 2.8, mai 18mm kuma mita 3.7, bango zuwa bango. Canon tana da ɗan siririn 24mm f/2.8 da ta fitar a 2014, Nikon tana da 35mm f/1.8 na 2009 da aka ƙera musamman don ƙaramar sensa, ga kuma zum mai 17-50mm f/2.8 na Tamron da na Sigma. Idan ɗakin ya fi haka ƙunci akwai 10-18mm na Canon da 11-16mm na Tokina, sai dai su suna miƙar da duk wanda ya tsaya a gefe, don haka amarya tsakiya ake ajiye ta, kyamara kuma a daidaita ta da ƙirjin mutane, kada a karkata ta sama ko ƙasa.

Wancan 50mm ɗin yana da nasa lokacin. Idan ƙawaye suka fita, aka zaunar da amarya kusa da taga, aka ɗage labule, shi ne sarki. A kan ƙaramar sensa yana zama daidai awon da masu ɗaukar fuska ke nema, ba ya kumbura hanci, ba ya faɗaɗa kumatu. Da shi ake matsawa kan hannun da aka zana wa lalle, a kama inda baƙi ya haɗu da ja a kan yatsu, zobe yana ƙyalli, zanin da ke ƙasa ya narke ya zama launi kawai. Mai kallon wannan hoton ba zai tambayi girman sensa ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowane lens, wato izinin shiga. A gidaje da yawa na Gusau, balle Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu, baƙon namiji ba ya wuce zaure, kuma kamu da sa lalle da wuni sha'anin mata ne. Wannan fili ne na mata masu hoto, kuma nauyin kaya yana da muhimmanci ga wadda za ta wuni tsaye: 5D Mark III da lens ɗinta mai 24-70mm f/2.8 sun haura kilo 1.7, ita kuwa 600D da ɗan ƙaramin lens ba ta kai kilo ɗaya ba. Ƙaramar kyamara ba ta firgita tsofaffi, ba ta sa 'yan mata su ƙame. Wanda aka bari ya shiga kuwa, mace ko namiji, amana aka ba shi. Hoton matar aure ba mayafi, ko na amarya kafin ta gama shiri, idan ya fita Facebook ko Instagram ba da yardar masu shi ba, ya rufe wa mai hoton ƙofar unguwa gaba ɗaya.

Bayan magariba

Da dare ne babbar sensa ke nuna fifikonta, kuma ba amfanin musun hakan. Lokacin kai amarya, an ɗauke wuta, janareta yana kukan wahala, ƙwan fitila ɗaya ne a tsakar gida, sauran hasken na fitilun waya ne. Idan kyamarori biyu 'yan zamani ɗaya suka tsaya a nan, babbar tana gaba da mataki ɗaya da 'yan kai. Abin da ƙaramar za ta bayar a ISO 1600, babbar za ta ba da kusan irinsa a 3200 ko sama.

Sai dai a duba inda asarar haske ta fi yawa. Lens ɗin da ke zuwa da kyamara, 18-55mm, idan aka zuƙo shi zuwa ƙarshe ƙofar haskensa f/5.6 ce. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, mai f/2.8 kuma ninki huɗu. Sauya sensa daga ƙarama zuwa babba wajen ninki biyu da rabi kawai yake bayarwa. Saurayin da ke fama da duhu da 18-55mm, yana tara kuɗin ful-firem, ya tsallake magani mai arha da ƙarfi ya nufi mai tsada da rauni. A 2013 kamfanin Sigma ya fitar da 18-35mm f/1.8, zum na farko da ya riƙe f/1.8 daga farko har ƙarshe, kuma don ƙaramar sensa aka yi shi. Yana da nauyi, ya haura giram 800, amma ya cike mafi yawan giɓin da ake kuka da shi.

Filasha ta fi wannan ma tasiri. Guda ɗaya ta Godox ko Yongnuo, idan aka juya kanta sama ta bugi farin silin, haske ya dawo a tausashe ya cika ɗaki, a sauko da ISO zuwa 400 ko 800, inda kowace sensa ke da tsabta. Aikin shi ne karanta ɗakin. Silin na roba ko na filasta yana mayar da haske da kyau. Rufin kwano da ba silin yana watsa shi barkatai, azara ta tsohon gini tana shanye shi, bango mai fenti kore ko ruwan hoda yana shafa wa fuska launinsa. A irin waɗannan wuraren, farin kwali da aka ɗaure a kan filasha, ko farin mayafi da yaro ya riƙe a gefe, ya wadatar. Wutar Najeriya kuma tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen fitila suna kyaftawa tare da ita, shi ya sa shota 1/50 ko 1/100 ke kawar da ratsin da ke fitowa a hoto da bidiyo.

Afirka ta Yamma ta san wannan darasin tun kafin dijital. Malick Sidibé na Bamako ya sayi kyamararsa ta farko, 'yar Brownie mai filasha, a 1956, ya riƙa bin bukukuwa da wuraren rawar matasa cikin dare, ya koma ya wanke, waɗanda ya ɗauka su zo su zaɓi nasu. Waɗannan hotunan ne suka kai shi ga lambar Hasselblad a 2003 da Zakin Zinare na baje kolin Venis a 2007. Ya san mutanensa, sun saki jiki da shi, ya kuma san lokacin da zai danna.

Kuɗi, ƙura da hanya

Da dala ake sayen kyamara, da naira ake biyan mai hoto. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin ɗaukar biki a Gusau bai ninka sau uku a wannan tsakanin ba, kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota da na janareta. Ful-firem kuma ba ta zuwa ita kaɗai. Lens ɗin Canon masu alamar EF-S ba sa hawa kanta, sai an sake saye, kuma 24-70mm f/2.8 na biyu da Canon ta fitar a 2012 ya kai dala 2,300 shi kaɗai.

Kuɗin da zai sayi babba ɗaya yakan sayi ƙanana biyu, kuma a biki wannan ya fi kowane fifiko na sensa daraja. Kyamara takan ƙi tashi, shota yakan maƙale, yaro yakan yi tuntuɓe da igiya. Mai guda biyu ya ɗauko ɗayar ya ci gaba, mai guda ɗaya sai ba da haƙuri. Haka batun katin ajiya: Nikon D7000 da D7100 da D7200, da Canon 7D Mark II, duk masu ƙaramar sensa ne, amma suna da ramin kati biyu, suna rubuta kowane hoto sau biyu. Canon 6D, ful-firem ɗin da matasa suka fi hari saboda sauƙin kuɗinta, rami ɗaya gare ta.

Lokacin biki ma yana da ta cewa. Bayan kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu kuɗi suka shigo hannu, aure yake yawaita, kuma daidai nan hunturu ke sauka da hazonsa. Duk sanda aka cire lens a tsakar gida, ƙura ta samu ƙofa, ta zauna kan sensa, ta fito ɗigo-ɗigo a kan farar riga da sararin sama. Mai kyamara biyu yakan ɗaura mai faɗi a ɗaya, mai zuƙowa a ɗaya tun daga gida, ba ya buɗe ko ɗaya har a tashi. Inda wuta ba ta da tabbas kuma, batirin da aka auna zai ɗauki hoto 1,110 a D7200, ko 960 a Canon 80D, yana iya kai mutum ƙarshen wuni.

Sai hanya. Tsafe tana kan titin Funtuwa, sai an wuce gindin dutsen Kwatarkwashi. Bunguɗu tana kan titin Sakkwato, ta fi kusa. Ba wata tafiya mai nisa ba ce, amma shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun koya wa kowa ya yi sammako ya dawo da rana. Mai hoton da aka gayyata daga Gusau yana shiga motar haya ne ko ya hau babur, jakarsa a kan cinya. 'Yar jaka da ba ta jan ido, mai ɗauke da kayan da idan wani abu ya same su za a iya mayarwa cikin 'yan watanni, ta fi kwanciyar hankali a kan jarin shekaru a rataye a kafaɗa ɗaya. Wannan yanayin ya kuma ja shagulgula da dama a wajen birni zuwa cikin rana, inda ƙaramar sensa ba ta da abin tsoro.

Inda hoton ke ƙarewa

Hoton biki wuri uku yake zuwa: albam, firem na bango, da waya. Don a wanke hoto mai inci 5 da 7 ya fito fes, megafiksel 3 da 'yan kai ake buƙata. Mai inci 8 da 10 yana son 7.2, babban firem mai inci 12 da 18 yana son wajen 19, kuma shi daga nesa ake kallonsa. Canon 600D tana da 18, Nikon D3200 tana da 24. Mafi yawan hotunan ma ba sa ganin takarda. Ta WhatsApp suke yawo daga ƙawa zuwa ƙawa, manhajar kuma tana matse su zuwa megafiksel biyu ko ƙasa, sai fa idan an tura su a matsayin fayil ko an zaɓi HD ɗin da aka ƙara a 2023. A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar, ko wannan hanyar ba ta samu ba. Abin da ya rage shi ne katin memori, da turawa daga waya zuwa waya a wuri guda, da takarda da aka wanke aka miƙa hannu da hannu.

Abokin gasar mai kurof na gaskiya yana cikin aljihun kowane baƙo: Tecno, Infinix, itel, Samsung, iPhone. Sensar mafi yawan waɗannan wayoyin ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na filin APS-C ba, amma suna ko'ina, kuma hotonsu yana isa kafin a gama cin shinkafa. Abin da ke sa a ci gaba da kiran mai hoto shi ne abin da waya ba ta yi: haske da aka sarrafa, sahu da aka tsara ba a bar kowa a baya ba, launin fata da na atamfa da suka fito yadda suke, da kuma cika alkawarin ranar kawo aiki.

Akwai lokacin da ful-firem ke zama buƙata. Wanda aikinsa ya koma dina a manyan ɗakunan taro, ko bidiyon dare inda ba a son fitila, ko masu biki da ke biyan kuɗin da zai mayar da jari cikin kaka ɗaya, ya dace ya matsa gaba. Tun da Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi a 2018, tsofaffin ful-firem irin su 6D da Nikon D750 suna ta sauka a kasuwar kayan hannu, tazarar tana raguwa. Kafin a kai can, jerin sayayyar da ke sauya hoto a zahiri shi ne lens mai buɗewa sosai, sai filasha, sai batir da kati na ƙari, sai kyamara ta biyu. Mai hangen gaba yakan zaɓi lens masu alamar EF a Canon ko FX a Nikon inda ya samu dama, don su bi shi idan ya sauya. Kowace tsohuwar kyamara kuma, babba ko ƙarama, ana duba adadin bugun shotarta kafin a biya: an ƙera na 80D ya kai bugu 100,000, na D7200 150,000, na 7D Mark II 200,000. Babi na gaba zai bi wannan ciniki daki-daki, daga gwada lens a gaban mai shago zuwa gane batirin jabu.